Amshin da Inna Ɗaso Ta Yi Ta Jira

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin wannan Ɗaki da ya ba mu maƙwabtaka da shi ba don mun fi kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Kabo. Malamanmu masu daraja, musamman Malam Usaini, wanda ƙorafinsa ne ya tara mu. Dattawan unguwar Mansur da na unguwar Jarwal, a nan Makka, da suka taso cikin zafin la'asar. Masu masaukinmu mutanen unguwar Rusaifa da suka kama mana wannan istiraha, wato zauren taron nan. Iyayena mata da 'yan'uwana da ke zaune tare da ni a bayan labule. Da ku yaran da aka ce ku zauna can baya ku yi shiru, ina kuwa jin ku ba ku yi ba: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai gane murya ba, ni ce Ummulkhairi, 'yar Hajiya Ɗaso mai ƙosai ta Mansur, yayar Idris, gwaggon 'yarsa Manal. Ga Manal ɗin nan kusa da ni, ta sunkuyar da kai tun da muka shigo.

Na gode wa shugaba da ya ba ni makirufo, ko da yake na ji yadda ya ja dogon numfashi kafin ya turo shi ta ƙarƙashin labule. Alhaji, kwantar da hankalinka, zan gama kafin magariba, ni ma ina da tsohuwa a gida tana jirana. Na gode wa Malam Usaini, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa, domin shi bai tsaya yi da yarinyar nan a wurin shan shayi ba, tashi ya yi a gaban kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Uban da ke tambayar abin da ake zuba wa 'yarsa a kunne bai yi laifi ba.

Maganar da ke gabanmu ita ce: Manal tana koyar da 'ya'yanmu Hausa kowace Asabar da safe a majalisi, wato falon baƙi, na gidan Alhaji Kabo. Kwanakin baya ta kunna musu waƙar wata mawaƙiya 'yar ƙasar Koriya. Malam Usaini ya ji labari, ya nemi a karɓe ajin daga hannunta, kuma kowa ya san in an karɓe an rufe ke nan, domin babu wani da ya ce zai ɗauka. In an gama jawabai za a ɗaga hannu. Manal ta ce in hannuwa suka yi mata yawa ba za ta ja da kowa ba. Ita ce ta ce haka. Ni ban ce ba.

Abin da na lura da shi kuwa, an yi ta ambaton mawaƙiyar nan tun ɗazu, an kira ta 'yar rawa, an kira ta fitina, amma babu wanda ya faɗi sunanta, babu wanda ya faɗi wace waƙa aka kunna. Ni na sani, ba kuma don na so ba. Ɗakina da na Manal bango ɗaya ne tsakani, bangon kuwa na gidan haya ne, kun san irinsa. Faifan waƙa huɗu matar nan ta fitar a rayuwarta, kuma duk huɗun ta bangon nan suka bi suka same ni. Ku ba ni dama in bi su ɗaya bayan ɗaya, domin labarin gidanmu yana cikinsu.

Faifai na farko. Sunanta Bu Hesol. Bu ɗin sunan gidansu ne, su a gaba suke sa shi. A wani tsibiri aka haife ta can kudancin ƙasarsu, a hannun kakarta ta tashi. Matan garinsu nutso suke yi cikin teku su ɗebo abin sayarwa, in suna tuƙa kwalekwale kuma ɗaya ta ba da waƙa, saura su yi amshi, kamar yadda iyayenmu ke yi a bakin turmi. Tana budurwa wani kamfani ya ɗauke ta ya kai ta birni. Aka koya mata rawa, aka koya mata murmushi, aka koya mata yadda ake tsayuwa gaban mai hoto. Kafin duk wannan kuwa aka ce ta wanke harshenta daga maganar tsibiri, domin mutanen birni dariya suke yi wa mai irin wannan magana. Ta wanke. Faifan ya fito da kiɗa mai fasa kunne, gashinta kalar lemo, aka saya kamar me. Malam Usaini, wallahi da wannan faifan Manal ta kunna wa yara, da ni zan riga ka zuwa gidan Alhaji Kabo, ko takalmi ba zan tsaya nema ba.

Faifai na biyu ya fi na farko kasuwa. Rabinsa Turanci ne. Ta zaga ƙasashe, aka san ta a inda ba a san sunan tsibirinsu ba. Lokacin Manal na sakandare, hoton matar nan na manne a ƙofar kabad ɗinta. Inna, wato mahaifiyarmu Hajiya Ɗaso, tana da lafiyarta a lokacin. Ta tsaya ta ƙare wa hoton kallo, ta ce, "Wagga ɗiya ba a ba ta abinci? Ku ce ta biyo Mansur in cika ta da ƙosai." Manal ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ku lura da yadda su biyun suke magana a wancan zamani. Manal ta yi Larabci, Inna ta amsa da nata Larabcin na kasuwa, wanda ta tsinta a bakin kasko. Hausar Manal gaba ɗaya ba ta wuce "lafiya lau" da "na ƙoshi" ba. Ban zo neman mai laifi ba, kowa a nan ya san yadda abin yake: makaranta Larabci, titi Larabci, waya Larabci, yaro ya shigo gida ka yi masa Hausa ya amsa maka da Larabci, kai ma ka gaji ka bi shi. Babu wanda ya ga illa, tunda ana fahimtar juna. Ita ma Hesol haka. Tana kiran kakarta ta waya daga ƙasashen duniya, kullum maganar na ƙara gajarta, tana zaton rashin lokaci ne.

Faifai na uku shi ne na faɗuwa. Maƙogwaronta ya samu ciwo, aka yi mata aiki, murya ta dawo ƙasa-ƙasa, a shaƙe. Ta yi faifan da muryar da ta rage mata, ba a saya ba. Waɗanda suka yi ta ihun sunanta jiya su ne suka koma yi mata ba'a, kamfanin kuma ya sallame ta ya ɗauko wata yarinyar. Manal ta yi kuka har idonta ya kumbura. Na ce mata, "Ke kam da aiki, kina kukan wadda ba ta san kina duniya ba." Ta ce, "Ammati," wato gwaggo da Larabci, "ba ki gane ba." Gaskiyarta, ban gane ba. Yanzu in na tuna mace ita kaɗai a birnin da ba nata ba, an cinye ƙuruciyarta an miƙo mata kwanon, tausayinta nake ji.

A waccan shekarar ce Inna ta faɗi.

Jama'a, ku yi haƙuri in tsaya a nan, domin matasa ba su san Inna ba sai a kan keken guragu. Daga wani ƙauye a ƙasar Gobir ta zo aikin Hajji tana da ƙuruciya, ta zauna. Shekaru masu yawa ba ta da takarda. Dattawan Mansur sun san irin zaman. Tana suyar ƙosai ido ɗaya a kasko, ido ɗaya a bakin layi. In aka ce ga 'yan jawazat, masu kama marasa takarda, sai ka ga mata sun watse sun bar mai a wuta. Ta taɓa yini a bayan tankin ruwa a saman soron mutane da Idris a goye, tana toshe masa baki da nono kada ya yi kuka. Daga baya Allah ya kawo sauƙi, ta samu iƙama, wato takardar zama, ta ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya, ko wanka za ta shiga sai ta shafa ta ji tana nan. Ta huta da gudu, ta ga jikoki, ta goya Manal ta yi ɗawafi da ita tun ba ta yi haƙori ba.

Da hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta ya shanye, ya kuma tafi da abu biyu: ya tafi da Larabcinta kaf, ya tafi da sanin cewa ta samu iƙama. Likita ya ce haka kan faru da tsofaffi, harshen da ya zo daga baya shi ke fara tafiya. Ciwon ya ɗauke ta ya mayar da ita shekarun gudu, ya ajiye ta a can.

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, Manal ta dafa mata shurba, romon nan na Larabawa, da hannunta, ta shiga ɗaki da kwano tana murna, ta ce, "Sitti, kef halik? Ana Manal." Wato da Larabci: Kaka, yaya kike, ni ce Manal. Ina tsaye a bakin ƙofa. Inna ta ja jiki da hannu ɗaya ta manne da bango, ta jawo ƙullin kayanta ta rungume, ta ce, "Ki yi mani rai, Hajiya. Ina da ɗiya ƙanana. Kak ki kai ni." Manal ta ajiye kwanon, ta matsa, ta ciro jakar wuyan don ta nuna mata ga iƙamarta nan, ba wanda zai taɓa ta. Wannan ya fi komai muni. Inna ta ga mai Larabci ta kai hannu ga wuyanta tana neman takarda, ta ƙwalla ƙarar da ban taɓa jin irinta ba.

Aka gwada washegari, aka gwada bayan mako, duk ɗaya. Da ta ji Larabci a bakin ƙofa jininta ya hau. Dole muka yanke hukunci mai ɗaci: Manal ba za ta ƙara shiga ɗakin kakarta ba. Ta dafa, ta ajiye a bakin ƙofa, ni in shigar. Ku duba wannan, iyaye. Yarinyar da aka goya a bayan nan, ta koma abin tsoro ga mai bayan. Suna gida ɗaya, katako ɗaya ne tsakaninsu, watanni suna tafiya, ba ta ga fuskar kakarta sai ta kafar ƙofa in tana barci. Ba ta yi ƙorafi ba, amma na ga yarinyar tana ramewa a gabana.

Faifai na huɗu. Nan ne maganar take, kuma ina roƙon Malam Usaini ya ba ni kunnensa duka biyu.

Da aka sallami Hesol ba ta da inda za ta sai tsibiri. Ta koma, ta zauna gaban kakarta, tsohuwa ta yi magana, jika ta ji rabi ta rasa rabi. Sai ta zauna ta sake koyon maganar garinsu kamar ƙaramar yarinya. Ta ajiye na'urar ɗaukar murya a ɗakin tsohuwar, babu kamfani, babu masu kiɗa, babu mai gyaran gashi. Ita ta ba da waƙar tuƙin kwalekwale da shaƙaƙƙiyar muryarta, kakar ta yi mata amshi da tata muryar ta tsufa. Suka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, saura guda, tsohuwa ta rasu. Aka ce wa Hesol ta nemi wata tsohuwar ta cike gurbin, ta ƙi. Aka ce to ta yi amshin da bakinta, ta ƙi. Ta fitar da waƙar ƙarshe yadda take: ta kira, sai shiru daidai tsawon amshi, ta sake kira, sai shiru. Haka har ƙarshe.

Wata la'asar ina tsince shinkafa Manal ta zo ta saƙala mini abin sauraro a kunne, ta ce, "Ammati, isma'i," wato saurari. Na saurara, na ce mata wayarki ta lalace, tana yankewa. Ta ce ba ta lalace ba, ta ba ni labarin da na ba ku yanzu. Sannan ta tambaye ni da Larabci, "Abin nan da Sitti ke faɗa kullum da yamma, ta yi shiru ta kalli ƙofa, ta sake faɗa, mene ne?"

Na san abin da take nufi. Waƙar daka ce ta garinsu Inna, layi ɗaya: "Wa yaɗ ɗauke taɓaryata?" Tun ina yarinya nake jin ta a bakinta in tana gyaran wake. To ni a Makka aka haife ni, ban taɓa tsayawa a bakin turmi cikin mata ba, a Mansur kuma babu 'yar garinsu kusa da ita. Ita kaɗai take yi, don haka rabin waƙar na sani, ina zaton duka ke nan. Manal ce, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki, ta gane cewa shirun da Inna ke yi gurbi ne. Ta gane saboda ta ji irin wannan shirun a faifan 'yar Koriya. Inna kira take yi, tana jiran a amsa.

Yarinyar nan ta tsaya a bayan ƙofa ta ɗauki muryar kakarta a waya, ta sa abayarta, ta shiga Mansur. Wasunku da ke bayan labulen nan kun gan ta, wasunku ma kun yi mata dariya, na yafe muku, domin Hausar tata a lokacin abin dariya ce. Ta bi masu goro, ta bi masu fura, ta bi masu yaji da kuka, kowa ta kunna mata. Wata Bakanuwa ta ce wannan ba tamu ba ce. Wata 'yar Damagaram ta ce ta yi kama da tasu amma ba ita ba. Ta gama Mansur ta shiga Jarwal, ta hau benayen da ni ko an biya ni ba zan hau ba. A can ta samu wata tsohuwa mai daddawa, 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu Inna. Da muryar ta fito daga waya, tsohuwar ta saki ledar da ke hannunta, ta amsa tun kafin ta tambayi ko wace ce: "Tana hannun ɗiyakki, Inna, huta."

Amshin ke nan. Uwa ta tambayi wa ya ɗauke taɓaryarta, 'yan mata su ce tana hannun 'yarki, ki huta.

Tsohuwar nan ba ta sake ta da sauƙi ba. Ta ce ba za a kai wa Bagobira amshi da karkataccen harshe ba. Ta zaunar da ita tana maimaitawa, ta koro ta, ta ce gobe ta dawo. Manal ta yi ta komawa. A wurinta ta koyi gaisuwa, ta koyi sunayen kayan miya, ta koyi yadda ake durƙusa wa babba. Ranar da ta fara ce mini "Gwaggo" maimakon "Ammati", sai da na waiwaya in ga wa ya shigo.

Sai wata yamma, Inna ta kira kamar kullum: "Wa yaɗ ɗauke taɓaryata?" Ina zaune a gefen gadonta. Daga bayan ƙofa murya ta amsa, "Tana hannun ɗiyakki, Inna, huta." Inna ta kasa kunne wajen ƙofa. Ta sake kira, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Aka sake amsawa. Ta ɗago kai ta ce, "Wa an nan? Ɗiyaw wa ta?" Manal ta turo ƙofa a hankali, ta durƙusa tun daga bakin ƙofar, ta ce da Hausa, "Taki ce, Inna." Ni kuwa ina jiran ƙara.

Inna ta kalle ta, ta kalli ƙofa, sai ta ɗaga gefen mayafinta da hannun da ke motsi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Taho maza, shiga nan. Akwai wata ta jawazat da ka zuwa gidan ga da kwano a hannu. Kak ki yi magana. Ba ta kama ki ina raye."

Manal ta shiga ƙarƙashin mayafin. Kakarta ta rufe ta, tana ɓoye ta daga ita kanta. Ina ganin mayafin na girgiza saboda kukan da take dannewa. Ni ban iya danne nawa ba, fita na yi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Inna ta warke ba. Har yau ba ta kira sunan Manal ba, wataƙila ba za ta kira ba. Amma daga hannunta take cin abinci, daga hannunta take shan magani, kuma kowace yamma ta kira, a amsa.

Daga nan aji ya samo asali. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Akwai dattijo a Jarwal da ba ya karɓar magani daga jikokinsa maza, yana zaton 'yan sanda ne. Akwai tsohuwa a nan Rusaifa da ke yini tana yi wa jikarta magana, jikar na murmushi ba ta san ruwa ake roƙonta ba. Manal ta nemi izinin Alhaji Kabo, ya ba ta majalisi, Allah ya saka masa. Yara suka zo, amma da jan ƙafa. Suka ce mata Hausa ba ta cikin jarrabawa, ba ta cikin waya, me za su yi da ita? Ta yi bayani ba su ji ba. Shi ne ta kunna musu abin da ya buɗe mata nata kunnen: waƙar ƙarshe ta faifai na huɗu. Babu ganga a ciki, babu rawa, babu hoto. Muryar mace ɗaya ce tana kiran kakarta, da shiru. Ta tambaye su me ya ɓace, sannan ta ce kowa ya je gida ya zauna gaban tsohon gidansu ya ji ko akwai abin da yake kira ba a amsa masa. Wannan ce fitinar da aka kawo ƙara.

Ta yi kuskure, ban ɓoye ba. Ya kamata ta tambayi iyaye kafin ta kunna wa 'ya'yansu kowace irin murya, a garin nan musamman, da muke jin kiran sallar Harami daga tagoginmu. Na faɗa mata, ubanta ya faɗa mata, ta karɓa, ta ce ba za ta sake ba sai da izini. In kuna son babba ya riƙa zama a ajin yana ji, ku naɗa. In Malam Usaini ne da kansa, mun yi murna, shayinsa a wuyana.

Ban ce ku so mawaƙiyar nan ba. Ban ce ku sayi faifanta ba, ukun farko ma ni zan taya ku hana yara. Ni dai tausayinta nake ji, domin ta juyo gida, amma ta makara da waƙa ɗaya, kuma wannan gurbin zai zauna a faifanta har abada. Mu ba mu makara ba tukuna. Tsofaffinmu suna nan da rai a ɗakunan baya, a Mansur, a Jarwal, a Rusaifa, suna kira.

Alhaji Kabo, ka yafe mini, kai ma da Hausa ka sauka a garin nan, Larabci daga baya ya same ka. Malam Usaini, Larabcinka ya fi na kowa a zauren nan kyau, amma shi ma a bayan Hausa ya zo. Ni kaina Hausa na fara ji a bayan Inna. Ina roƙon Allah ya bar mana hankalinmu har ƙarshe. Amma in ya ƙaddara wa ɗayanmu abin da ya ƙaddara wa Inna, ranar da Larabci ya tattara ya bar mu, wa zai turo ƙofa mu ɗaga masa mayafi? Wa zai shigo da kwano ba mu manne da bango ba? Waɗancan ne, da ke can baya suna surutu. Su muke yanke wa hukunci yau, mu ma kanmu muke yanke wa.

Ku ba ni izinin abu ɗaya. Malam, ba rerawa zan yi ba, faɗa kawai zan yi, kuma Allah shaida ban shirya da kowa ba. Ku yaran baya, ku saurara.

Wa yaɗ ɗauke taɓaryata?

Kun ji su? Jama'a, kun ji amshin da Manal ta koya musu? Iyayena mata, ku bar kukan haka, za ku sa ni. Malam Usaini, labule ya tare ni ban ga fuskarka ba, amma muryar nan da ta fi kowace tashi na san ta, kai ma ka san ta. Dalal ce, 'yarka. Kuma ba ta karkata harshe ba.

Ya Allah, Ubangijin wannan Ɗaki, ka yi wa wannan taro albarka. Ka saka wa shugabanmu da malamanmu da alheri. Ka ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, waɗanda ke kwance a ƙasar nan da waɗanda ke kwance a gida. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka cire tsoro daga zukatan tsofaffinmu, ka sa mu cika da kalmar shahada a bakinmu. Ka shirya mana zuriya, ka tsare musu kunne da ido da zuciya. Baiwarka ta tsibiri, da ba ta san muna duniya ba, ka ba ta haƙurin rashin kakarta, ka nuna mata hanya. Ka mayar da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaba, ga makirufonka, magariba ba ta yi ba. Ku ɗaga hannu yadda Allah ya nuna muku, a aiko mana da sakamako. Ni da Manal ba za mu tsaya ba. Lokacin kiran Inna ya gabato, in kuwa ta kira ba a amsa ba, ba ta cin abinci. Tashi, Manal, ɗauki jakarki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.